Waiwaye: Yadda Damuwar Yara Ta Dawo Teburin Likitan Yara da Ma'aikaciyar Jinya

An gama awo. An leƙa kunne da maƙogwaro, an danna ciki, ba a ga komai ba. Likita ya miƙe, hannunsa har ya kai ƙofa, sai uwar ta ce, "Likita, akwai kuma wata magana." Yaron, ɗan shekara tara, kullum da safe sai ya yi kukan ciwon ciki, amma ranar da babu makaranta garau yake tashi. Abinci ya rage ci, dare ya yi ba ya barci sai a gefenta. Minti biyu suka rage cikin lokacin da aka ware musu, ga layi a waje.

A kan wannan minti biyun ake ta ja-in-ja fiye da shekara hamsin. Maganar ta likitan yara ce, ko kuwa ya rubuta takarda ya tura su wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda sai an yi watanni kafin a samu ganinsa, in ma akwai shi? A yau kusan kowace babbar hukumar lafiya amsa ɗaya take bayarwa: likitan yara da likitan iyali da ma'aikaciyar jinya su ne za su fara tarar matsalar, su kuma magance abin da za su iya. To amma ba haka aka faro ba.

Asali ma ba a asibiti aka fara kula da halayyar yara ba, a bakin kotu aka fara. A 1909 likita William Healy ya buɗe wata cibiya a birnin Shikago domin nazarin yaran da ake gurfanarwa a kotun ƙananan yara. Daga nan, a shekarun 1920, aka samu asibitocin ba da shawara kan tarbiyyar yara a Amurka, sannan a Birtaniya. Mutum uku ke aiki a cikinsu: likitan ƙwaƙwalwa, da masanin halayyar ɗan'adam, da jami'ar jin daɗin jama'a. Babu likitan yara a lissafin, kuma ba a ga laifin kowa ba, domin shi a lokacin yana can yana kokawa da mashaƙo da ƙyanda da gudawa, cututtukan da ke kashe yaro cikin kwanaki. Ita ma nas haka. Lina Rogers, wadda aka fara turawa makarantun birnin New York a 1902, aikinta shi ne ciwon ido da ƙuraje da ƙwarƙwata, don a rage yawan yaran da ake kora gida.

Wanda ya fara tsallaka katangar shi ne Leo Kanner. A 1930 ya buɗe sashen kula da ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara na Johns Hopkins da ke Baltimore, kuma cikin abin da aka ɗora masa har da koya wa likitocin yara gane irin waɗannan matsaloli. An fi tuna shi da bayanin da ya yi a 1943 kan lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, amma tun a sashen nan nasa aka fara tunanin da ake ta maimaitawa yau. Sai dai mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shekaru suka yi ta tafiya, ɓangarorin biyu kowa na harkar gabansa.

Allurar rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne suka sauya lissafin. Rigakafin shan-inna ya zo a 1955, na ƙyanda a 1963. A ƙasashe masu arziki ɗakunan kwantar da yara suka fara yin sauƙi, sai likita ya ɗaga kai ya ga wasu iyaye na jiran sa da ƙorafin da ba a koya masa ba: yaro ba ya gane karatu, yarinya ta daina magana da kowa, matashi ya fara shaye-shaye. A 1975 Robert Haggerty da abokan aikinsa a Rochester suka raɗa wa wannan suna, suka kira shi sabon nau'in rashin lafiya. Kafin nan, a tsakiyar shekarun 1960, Michael Rutter ya bi yaran tsibirin Wight na Ingila ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara 10 zuwa 11 suna da matsalar da ta kai a kira ta lalura, kuma galibinsu ba su taɓa ganin ƙwararre ba.

A daidai wannan zamani aikin jinya ma ya buɗe sabon babi. A 1965 wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka kafa shiri a Jami'ar Kolorado na ba ma'aikatan jinya ƙarin horo, ta yadda za su duba yaro da kansu, su bi girmansa, su ba iyaye shawara, musamman a karkara inda likita ya yi ƙaranci. Sun sha suka daga likitoci, har ma daga wasu manyan nas-nas da ke ganin an mai da jinya 'yar aiken likitanci. Abin da masu sukar ba su hango ba shi ne, nas ce ke da kunnen uwa. Ita ke auna nauyi, ita ke yin allura, ita ake gaya wa abin da ake jin nauyin faɗa wa likita.

Kada a ɗauka matsalar ta masu arziki ce kawai. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, aka wallafa a 1981, ya duba yaran da ake kaiwa ƙananan asibitoci a Sudan da Indiya da Filifin da Kolombiya. Tsakanin kashi 12 zuwa 29 cikin 100 an same su da matsalar ƙwaƙwalwa ko ta halayya. Ma'aikatan da ke duba su kuwa, abin da suka iya ganewa bai wuce kashi 10 zuwa 22 cikin 100 na waɗannan yaran ba. Wato yaron na zuwa, ana kama hannunsa, ana ba shi maganin zazzaɓi, ya koma gida da ainihin abin da ya kawo shi.

Idon likitoci ya ci gaba da buɗewa. A Amurka, cikin yara 'yan shekara 4 zuwa 15 da aka kai wa likita, waɗanda aka gane suna da irin wannan matsala sun tashi daga kusan kashi 7 cikin 100 a 1979 zuwa kusan kashi 19 a 1996. Birtaniya ta tsara nata aikin hawa huɗu a 1995, ta sa likitan unguwa da nas mai ziyarar gida da nas ta makaranta a hawa na farko. Horo dai bai bi sahu ba. Sai a 1997 aka wajabta wa masu koyon likitancin yara a Amurka wata ɗaya na nazarin girma da halayyar yaro. Wata ɗaya, cikin shekara uku, kan matsalar da ke shigo musu ofis kusan sau ɗaya cikin kowane biyar. An ɗora kaya, ba a ba da gammo ba.

Inda babu horo kuma babu lokaci, abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne alƙalami. Tun 1937 Charles Bradley ya lura cewa maganin Benzedrine na sa yara masu ƙiriniya su natsu a aji, kuma zuwa shekarun 1990 likitocin yara sun zama manyan masu rubuta magungunan lalurar rashin natsuwa, wadda ake kira ADHD. Maganin ciwon damuwa ma sun fara rubutawa. Sai a watan Oktoba na 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta umarci a buga gargaɗi mafi tsanani a jikin magungunan damuwa, cewa suna iya ƙara wa yara da matasa tunanin kashe kai. Likitoci da yawa suka janye hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Rubuta maganin ya ragu, amma yaran da ke cikin damuwa ba su ragu ba, layin likitan ƙwaƙwalwa kuma bai gajarce ba.

A shekarar 2004 ɗin ce jihar Massachusetts ta fito da dabarar da, a ganina, ta fi duk wata sanarwa da aka taɓa yi kan batun amfani. Ba wani gini aka yi ba, lambar waya ce. Likitan yara na zaune da matashiya 'yar shekara goma sha biyar da ta daina zuwa makaranta, ya rasa ko ya fara magani ko ya dakata. Sai ya buga, cikin kamar rabin awa likitan ƙwaƙwalwar yara ya kira shi. Su tattauna: tun yaushe abin ya fara, akwai mai irinsa a dangi, ta taɓa maganar cutar da kanta? In abin mai sauƙi ne a faɗa masa maganin da zai fara da shi, da yawansa, da ranar da zai sake ganinta. In ya fi ƙarfinsa a ba ta lokaci ta ga ƙwararren sau ɗaya, ta dawo hannun likitanta da bayani. Akwai kuma ma'aikaci na musamman da ke nemo wa iyalin mai ba da shawara a kusa da su. Likitan da ya buga sau goma kan matsala iri ɗaya, a na goma sha ɗaya ba ya buƙatar bugawa. Ta haka ƙwararre ɗaya ke isa ga yaran da ba zai taɓa iya gani da idonsa ba. Wata doka ta 2016 ta buɗe hanyar ba da kuɗin tarayya, yanzu mafi yawan jihohin Amurka na da irin wannan layi.

Jihar Massachusetts dai ita ce kotu ta samu da laifi a 2006, a shari'ar da aka sani da Rosie D., kan gazawa wajen kula da yaran talakawa masu matsalar ƙwaƙwalwa. Hukuncin ya sa aka wajabta tantance halayyar yaro a duk zuwan da ya yi awon lafiya. Kayan tantancewar takardu ne na tambayoyi: akwai mai tambaya 35 da iyaye ke cikawa a ɗakin jira, akwai mai 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Tun 2007 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a duba alamun otizim a wata 18 da wata 24. Yawanci nas ce ke miƙa takardar, ita ke haɗa maki, ita ke fara ganin inda uwa ta yi jinkiri kafin ta sa alama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi hanya mai kama da wannan da shirinta na mhGAP, wanda ta ƙaddamar a 2008, ta fitar da littafin jagora a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. A ɓangaren yara, koyar da iyaye da tuntuɓar malamai ne a gaba, magani a baya. Hujjarta a fili take: yaro ɗaya cikin bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan rabin irin waɗannan lalurori na farawa ne kafin a wuce shekara 14, kuma akwai ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwar yaransu ba su cika yatsun hannu ba.

Annobar korona ta ƙara hura wutar. A Oktoban 2021 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da ta likitocin ƙwaƙwalwar yara, da ta asibitocin yara suka haɗu suka ayyana halin gaggawa. A 2022 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a ƙasar ya ce a riƙa tantance fargaba daga shekara 8 zuwa 18, ciwon damuwa kuma daga 12 zuwa 18.

Masu ɗari-ɗari da wannan faɗaɗa aiki suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Takardar tambayoyi ba ta warkar da kowa. In maki ya nuna akwai matsala amma babu inda za a tura yaro, an tayar wa iyaye da hankali ne kawai. Akwai kuma tsoron a mai da ƙuruciya cuta: bincike a ƙasashe da dama ya nuna yaran da suka fi ƙanƙanta a ajinsu sun fi samun tambarin ADHD, alhali watanni kawai 'yan ajin suka girme su. Ƙa'idar likitocin yara ta Amurka ta ce ɗan shekara 4 zuwa 5 mai ADHD a fara da horar da iyayensa kafin a kai ga magani, amma horar da iyaye na cin makonni, rubuta magani minti ɗaya ne. Wani yaron kuma abin da ke damunsa yunwa ce, ko duka a gida, ko tsangwama a makaranta, babu ƙwayar da za ta taɓa waɗannan.

Inda aka ga sakamako na zahiri shi ne inda aka ƙara wa likita mutum, ba takarda ba. A wani gwaji a jihar Washington da aka wallafa a 2014, an raba matasa 101 masu ciwon damuwa gida biyu. Rukuni ɗaya aka bar su da kulawar da aka saba. Ɗaya rukunin aka haɗa su da ma'aikaci a cikin asibitin likitansu, mai zama da su da iyayensu, yana kiran su a kai a kai, yana kai rahoto ga ƙwararru duk mako. Bayan shekara guda, rabin na biyun sun warware, na farkon kuwa kusan ɗaya cikin biyar.

Wannan mai bin diddigin, wanda a wurare da yawa nas ce ko jami'ar jin daɗin jama'a, shi ne aka daɗe ana rasa mai biyansa, domin tsarin inshora ya saba biyan ganin ido da ido, ba kiran waya ba. A 2017 Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ya fara biyan kuɗin irin wannan aiki. Sai dai Medicare na tsofaffi ne, galibi 'yan shekara 65 zuwa sama. Yaran marasa ƙarfi a ƙarƙashin wani shirin dabam mai suna Medicaid suke, kuma a can kowace jiha ita ke yanke wa kanta ko za ta biya.