Digirin Haƙori Daga Waje Bai Mutu Ba, Amma Ba Shi Ne Lasisi Ba

Kwanakin nan wata murya ke yawo a WhatsApp nan Gusau, daga wannan zaure zuwa wancan. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya yi rantsuwa cewa an soke digirin duk wanda ya karanto likitanci ko likitancin haƙori a ƙasar waje, cewa an ƙirƙiro wata sabuwar jarabawa don a kayar da 'ya'yanmu, kuma wai ko yaro ya ci sai ya yi wa gwamnati aikin shekara biyar kafin a ba shi lasisi. Ƙanwata ta kira ni bayan isha'i, muryarta na rawa. Ɗiyarta ta dawo da digirin haƙori, gona guda aka sayar kafin ta gama. Ta ce, "Yaya, ke nan duk wahalar nan ta tashi a banza?"

Na yi shekaru ina aikin ofis a asibiti, takardun rajistar likitoci sun sha bi ta hannuna, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Jarabawar ba sabuwa ba ce, kuma ba gwamnatin jiha ko wata jami'a ke shirya ta ba. Ta Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ce, wadda aka fi sani da MDCN, mai hedikwata a Abuja. Dokar da take aiki da ita yau ta fito ne a 1988, zamanin soja, daga baya aka shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004 a matsayin Babi M8. Dokar ta ɗora wa majalisar nauyin tsayar da irin ilimi da ƙwarewar da mutum zai kai kafin a kira shi likita ko likitan haƙori, da kuma riƙe rajistar sunayen waɗanda suka kai. Jami'a digiri take bayarwa. Izinin sa hannu cikin bakin majinyaci kuwa daga rajistar nan yake fitowa, kuma nan ne mutane da yawa ke cakuɗa abu biyu.

Wanda ya yi karatu a gida, a makarantar da majalisar ta amince da ita kamar ta Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri, ba ya zama wannan jarabawa, domin majalisar ta riga ta leƙa makarantar, ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ta san abin da ake koyarwa. Wanda ya yi a Sudan ko Masar ko Indiya, majalisar ba ta ga ajinsa ba, ba ta ga asibitin da ya koyi aiki ba, sai ta gwada shi da kanta. Ba mu kaɗai ke yin haka ba. Ɗan Najeriya da ya gama a Ibadan ya tafi Ingila sai ya zauna tasu jarabawar kafin ya taɓa haƙorin kowa, haka ma a Amurka. Masu gyaran haƙoran roba da mataimakan likitan haƙori kuwa suna da hukumomin rajistarsu daban, wannan magana ba tasu ba ce.

Batun soke digiri yana da tushe, amma an miƙe shi har ya wuce tsawonsa. A 2022, bayan yaƙi ya ɓarke a Yukiren, MDCN ta sanar cewa ba za ta karɓi takardun da makarantun likitancin ƙasar suka bayar daga wannan shekara ba har sai karatu ya koma yadda aka saba, saboda an mayar da darussa ta intanet. Hujjarta ita ce ba a koyon duba majinyaci ta waya. Da yaƙin Sudan ya tashi a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu, sai tsoron ya dawo sabo. Abin da majalisar ke ƙi shi ne horon asibiti da aka yi daga nesa. Yarinyar da ta kammala a aji da ɗakin aiki, a makarantar da aka sani, digirinta na nan da ransa.

Shekara biyar ɗin ma ba doka ba ce. Ƙudiri ne da wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo, ya tsallake karatu na biyu a Afrilun 2023, likitoci suka yi masa ca, bai zama doka ba.

Hanyar da ke nan ita ce: a ci jarabawa, a samu rajistar wucin gadi, a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi ƙarƙashin manya, sannan cikakkiyar rajista. Bayan haka kowace shekara sai an sabunta lasisi.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma ba daga waccan murya ya fito ba. A wata majalisa bayan la'asar na ji wani dattijo, mutumin kirki, yana ba maƙwabcinsa shawara. Ɗan maƙwabcin ya faɗi jarabawar sau ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ka kama masa shago kusa da kasuwa ya fara cire haƙori kafin zama na gaba. Ai an ce tarar naira dubu biyar ce kacal, ko kuɗin man babur ba ta kai ba."

Gaskiya ne akwai naira dubu biyar a dokar. Amma wanda ya karanto masa ya tsaya a rabin layi. Sashe na 17 ya ce duk wanda ba shi da rajistar likitan haƙori, ya yi aikin don a biya shi ko da sa ran za a biya shi, ko ya nuna kansa ga jama'a a matsayin mai yin aikin, ya aikata laifi. Hukuncin hawa biyu ne. Idan aka yanke shi a shari'ar taƙaice, tarar naira 5,000 ce. Idan kuwa aka gurfanar da mutum da cikakkiyar tuhuma, tara ce ta naira 10,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko a haɗa masa duka biyun. Ba wanda ake tuhuma ke zaɓen hawan da za a bi da shi ba. An rubuta waɗannan kuɗaɗe ne tun naira na da ƙarfi, yau sun zama abin da ba ya tsorata kowa, kuma a ganina ya kamata a ce an gyara su tuntuni, domin ƙanƙantarsu ce ke yaudarar iyaye. Shekara biyar kuwa tsawonta bai ragu ba.

A lura kuma, ba sai ya cire haƙori ko ɗaya ba. Ɗaukar laƙabin kaɗai, ko rubuta wani suna a allon shago ko a kati da zai sa mutane su ɗauka doka ta ba shi izini, yana cikin laifin. Haka kuma wanda ya yi ƙarya a takarda don ya samu rajista. Sannan idan aka yi rashin sa'a majinyaci ya zubar da jini ya rasu, ko kumburi ya toshe masa numfashi, wannan wata shari'a ce daban mai nauyi, ba ta sashe na 17 ba. Yaron da ke jiran majalisa ta sa sunansa a rajista, da wace fuska zai je gabanta da hukuncin kotu a kansa?

Akwai wata gaɓa a sashen da ke rikita mutane, ita ma na ji ana jawo ta. Suna cewa ai wanzamai na cire haƙori tun kaka da kakanni, ba wanda ya kama su. Dokar ta yi rangwame ga mutumin da al'ummarsa ta san shi da cewa an horar da shi a maganin gargajiyar da aka gada a wurin. Amma ta ɗaure rangwamen da sharaɗi: bai kai ga yanka ko tsaga naman jikin mutum ba, bai kuma kai ga bayar da miyagun ƙwayoyin da doka ta killace ba. Ko ba wannan ba, yaron da ya dawo daga jami'a da allurar kashe zafi da filaya ba wanda zai ce masa mai maganin gargajiya. Ba zai shiga inuwar nan ba.

Shin jarabawar na da wuya? Tana da wuya, ba zan ɓoye ba. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ƙarshen 2023, cikin mutum 836 da suka zauna, likitoci da likitocin haƙori a haɗe, 433 ba su ci ba. Amma faɗuwa ba ta kashe digiri, ana sake zama. Ana yin tambayoyi a kwamfuta, ana nuna hotuna a ce faɗi abin da ka gani, sannan a zagaya da kai tasha-tasha, kowace da agogo, a ga yadda za ka yi wa majinyaci tambaya, ka duba shi, ka yanke shawara.

Na zauna da ɗiyar ƙanwata wani dare ina kallon yadda take shiri. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, fitilar caji a gefe, ga ƙoƙon kan roba da ta zo da shi a akwati, an ɗaure muƙamuƙinsa da waya. Ta sa bakin biro a cikin muƙamuƙin ƙasa ta ce, "Kawu, nan jijiyar ke shiga. In na kuskure wurin, allura ba za ta kama ba. In na shiga jijiyar jini, maganin ya tafi zuciya." A nan na gane dalilin da ya sa ba a raba ilimin tushe da na asibiti. Wanda ya ce zai bar sanin sassan jiki da aikin magunguna da ilimin ƙwayoyin cuta don wai karatun aji biyu ne, ya karanta cike haƙori da cirewa kawai, shi ne ke faɗuwa. Tambayar ba ta zuwa tsirara. Za a kawo maka dattijo mai hawan jini da haƙori ya ruɓe, a ce wace allura, nawa. Za a kawo mai ciwon suga da kumburi ya sauka ƙarƙashin harshe, a ga ko ka san cewa numfashinsa za ka fara tsarewa kafin haƙorin. Za a kawo yaro ɗan shekara shida, a ga ko ka san turmin da ya fito masa a baya na dindindin ne, ba ya cikin haƙoran nono ashirin da za su zube.

Inda na fi ba majalisar gaskiya shi ne cututtukanmu na nan. Mai amosanin jini yana zuwa cire haƙori, kuma yadda za a bi da shi daban ne. Yaro na zuwa da kumburin muƙamuƙi mai saurin girma wanda ba ruɓar haƙori ba ce, daji ne. Ga zaizayar baki, wadda ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaron da yunwa da ƙyanda suka raunana, cikin kwanaki ta cinye kumatu. Saboda ita aka gina asibiti guda a Sakkwato, kuma yaran Zamfara da Kebbi na cikin waɗanda ake kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a Disambar 2023 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ɗalibin da ya yi karatu inda ba a ganin wannan cuta zai iya kallon gyambon ya ba da maganin kurkure baki ya sallami uwar. Ba na ganin zalunci ne a tambaye shi kafin a sake shi ƙauye.

Inda nake ganin an bar talaka da kaya shi ne tsakanin dawowa gida da zaman jarabawa. Ga kuɗin rajista, ga na mota zuwa duk garin da aka sa, ga masauki, ga watanni na zaman gida ba albashi, a gidan da ya riga ya sayar da abin da yake da shi. Gwamnatocin jihohin da suka tura yara waje da kuɗin jama'a bai kamata su ɗauka aikinsu ya ƙare a filin jirgi ba. Ya kamata su ɗauki nauyin watannin shiri a asibitin koyarwa, ga shi muna jihar da mutum ke tasowa daga ƙauye mai nisa zuwa Gusau don haƙori ɗaya. Wannan rata ce ke tura iyaye ga tunanin shago.

Na gaya wa ƙanwata ta daina sauraren muryoyi, ta sa yarinyar ta riƙa duba shafin MDCN da kanta, domin can ake fitar da ranar zama da wurin da takardun da ake nema, kuma kada ta ba kowa ko sisi da sunan zai saya mata sakamako. Na kuma ce ta nema wa yarinyar wani likitan haƙori mai rajista da zai bar ta ta riƙa zama kusa da shi tana kallo, hannunta a baya. Dattijon majalisa kuwa na same shi washegari bayan sallar asuba, na karanta masa sauran layin. Ya yi shiru, sannan ya ce bari ya je ya samu Alhaji kafin ya biya kuɗin shagon.