Ɗaurin bakin mahaifa ga mai yawan ɓari a tsakiyar ciki

A ɗakin awon da nake aiki a nan Jos, nakan haɗu da matar da cikinta ya zube sau biyu ko uku, kullum a wata na biyar ko na shida, kuma ba ta ji naƙuda ba, sai dai nauyi a mara, sannan faya ta fashe. A gida akan ce iska ce ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe, alhali sau da yawa bakin mahaifarta ne ya yi rauni, yana buɗewa shiru tun ciki bai ƙosa ba. Yagewa wurin haihuwar baya ko yawan wankin ciki na iya jawo hakan.

Likitocin mata suna ɗaure bakin mahaifar da zare mai ƙarfi. Hanyar da aka fi bi ita ce ta McDonald, wadda wani likitan Ostareliya ya bayyana a 1957: ta farji ake zagaye bakin mahaifa da zaren, a zuge shi kamar bakin jaka, bayan an yi wa mace allurar kashe zafi. Ta Shirodkar, likitan Indiya, takan sa zaren can sama. Idan waɗannan sun gaza, akwai ɗaurin da ake yi da tiyata ta fatar ciki maimakon ta farji, amma wannan sai dai haihuwa ta tiyata.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Ga mai irin wannan tarihi, tsakanin mako na 12 da na 14 ake yin ɗaurin, mu kuwa mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito fili. Akan kuma ɗaure idan hoton ciki ya nuna tsawon bakin mahaifa ya gaza milimita 25 kafin mako na 24, ga wadda ta taɓa haifar bakwaini. Likita ne zai tantance, domin ba kowane ɓari ne ɗauri ke magancewa ba.

Magidanta sukan tambaye ni ko wannan ne juya mahaifa. Ba shi ba ne, kuma ba ya hana haihuwa. Idan ta farji aka ɗaure, a mako na 36 ko 37 ake cire zaren, mace ta haihu da kanta. Kafin nan, idan ta ga jini, zubar ruwa, zazzaɓi ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, a kai ta asibiti ko da tsakar dare ne, domin naƙuda a kan zare tana iya yaga bakin mahaifa.