The Good, the Bad and the Ugly, fim ɗin kaboyi na 1966

The Good, the Bad and the Ugly fim ne na kaboyi da darakta Sergio Leone ɗan ƙasar Italiya ya shirya, ya fara fita a sinimomin Italiya ranar 23 ga Disamba 1966, sai bayan shekara guda ya isa Amurka. Sunansa na asali da Italiyanci shine Il buono, il brutto, il cattivo, wato nagari da mummuna da mugu. Clint Eastwood da Lee Van Cleef da Eli Wallach ne manyan jaruman, Alberto Grimaldi ne furodusa, kiɗa kuma na Ennio Morricone ne. Shi ne na uku a jerin finafinan da Leone ya yi da Eastwood, bayan na 1964 da na 1965, kuma shi ya fi su cin kuɗi, dan sai da aka kashe wajen dala miliyan 1.2, wanda a lokacin a Italiya ba ƙaramin abu bane. Duk da labarin a Amurka yake faruwa, ko taku ɗaya ba a ɗauka a Amurka ba, komai a Italiya da Sifaniya aka yi shi.

Labarin

Shekarar 1862 ce, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka tsakanin sojojin gwamnatin tarayya masu shuɗin kaki da 'yan awaren Kudu masu kaki ruwan toka. Wasu zinare na dala 200,000 mallakar sojojin Kudu sun ɓace, an binne su a wani kabari, kuma mutum uku ne ke farautarsu, ba wanda a cikinsu yaƙin ya dama.

Eastwood shine Blondie, wanda fim ɗin ya kira nagari, amma fa nagartar tasa da sauƙi, dan sana'arsa damfara ce: sai ya kama Tuco na Wallach, wani ɗan fashi ɗan Meziko da hukuma ta sa tukuici a kansa, ya miƙa shi ya karɓi kuɗi, in an zo rataye shi sai ya laɓe daga nesa ya harbe igiyar, su tsere su raba kuɗin, su je wani garin su maimaita. Wata rana Blondie ya ga kasuwar ta daina tashi kawai ya watsar da Tuco a cikin hamada ba ruwa ba doki. Tuco bai mutu ba, ya bi sawunsa har ya kama shi, ya ja shi cikin rana a ƙafa har fuskarsa ta tsattsage, yana dab da ƙarasa shi kenan sai ga keken doki cike da gawarwakin sojojin Kudu, a ciki akwai wani mai sauran numfashi mai suna Bill Carson. Carson ya faɗa wa Tuco sunan maƙabartar ya roƙi ruwa, kafin Tuco ya dawo da ruwan ya cika, amma ya riga ya raɗa wa Blondie sunan da ke kan kabarin. Toh daga nan ne fim ɗin ya ɗaure, kowa yana riƙe da rabin sirri, ba mai iya kashe wani, mutumin da ɗazu yake neman ransa yanzu shi ke jinyarsa yana lallaɓa shi.

Na ukun shine Angel Eyes na Van Cleef, makashin haya, wanda in an biya shi sai ya cika aiki ko da kuwa wanda ya biya shi ne za a kashe, haka kuwa ya yi tun farkon fim ɗin. Shi ma yana bin sawun Carson, har ya shige soja ya zama sajan a sansanin fursunonin yaƙi, inda ƙaddara ta kawo masa waɗancan biyun.

Ƙarshen dai sananne ne, su ukun sun tsaya cirko-cirko a wani da'irar dutse a tsakiyar maƙabartar Sad Hill, kyamara tana yawo daga ido zuwa yatsa zuwa bindiga na tsawon mintuna ba wanda ya ce uffan. Blondie ya harbe Angel Eyes, shi kuwa Tuco yana ta danna kunamar bindiga ashe tun daren jiya an zare masa harsasai. Zinaren ma ba a kabarin Arch Stanton yake ba kamar yadda Blondie ya fara faɗa, yana cikin na kusa da shi wanda ba suna a kai.

Yaƙin da ke cikin fim ɗin

Nan ne fim ɗin ya bambanta da sauran finafinan kaboyi, kuma nan ne masu kallo da yawa ke wucewa da sauri suna jiran harbi. Yaƙin basasar Amurka an yi shi daga 1861 zuwa 1865, ya ci rayuka sama da 600,000, kuma mafi yawan gumurzun a gabas aka yi. Leone sai ya ɗauko wani ɗan gefe da ba a cika tunawa ba, wato harin da Janar Henry Sibley ya jagoranta daga Texas zuwa yankin New Mexico a farkon 1862, inda Kanar Edward Canby na tarayya ya tare shi. Harin ya watse ne bayan karon Glorieta a watan Maris na shekarar, lokacin da aka ƙone wa 'yan Kudu kayan abinci da makamai suka juya da yunwa. A fim ɗin ana ambaton Sibley da Canby da sunansu, ana kuma ganin rundunar Kudu tana ja da baya a wulaƙance.

Abin lura shine fim ɗin bai taɓa tsayawa ya gaya maka wa ke da gaskiya ba, maganar bauta ma da ita ce tushen yaƙin ko sau ɗaya ba ta taso ba, kuma wannan gibi ne na gaske da ya kamata a faɗa. Abin da ya dami Leone shine asarar rai. Sansanin fursunonin da ya nuna, Betterville, ya kwaikwayo shi ne daga Andersonville da ke jihar Georgia inda fursunoni kusan 13,000 suka mutu, sai dai Andersonville na 'yan Kudu ne, shi kuma da gangan ya mayar da nasa na tarayya, wato ɓangaren da ya ci yaƙi, dan a ganinsa wanda ya yi nasara ba a cika tona nasa laifin ba. A sansanin ne ake lakaɗa wa Tuco duka a cikin ɗaki, a waje kuma an tilasta wa fursunoni su yi ta kaɗa wata waƙa mai taushi dan kar a ji ihu, wani saurayi mai goge yana kaɗawa yana hawaye. Akwai kuma inda su Tuco suka sa kakin Kudu suka hango dakaru masu ruwan toka, Tuco ya miƙe yana ta yi wa Janar Lee, babban kwamandan 'yan Kudu, kirari, da suka iso sai hafsan ya kaɗe hannun rigarsa ashe ƙura ce, shuɗi ne a ƙasa. Abin dariya ne, amma duk ra'ayin fim ɗin kan yaƙin yana cikin ƙurar nan.

Sai maganar gada. Rundunoni biyu sun yi sansani a gaɓar kogi, kullum sai sun gwabza a kan wata gadar katako da ba ta da wani amfani sai dai manya sun ce a riƙe ta, kyaftin ɗin tarayya, wanda Aldo Giuffrè ya fito a matsayinsa, kullum a buge yake, kuma burinsa kawai wani ya tarwatsa gadar a huta amma shi doka ta ɗaure shi. Ɓarayin nan biyu ne suka ɗaura mata nakiya suka tashe ta, ba dan tausayi ba, sai dan sojojin su watse su samu hanyar haye wa zinarensu. Idan ka lissafa gawar da su ukun suka kayar tun farkon fim zuwa ƙarshe ba ta kai ta wuni ɗaya a bakin gadar nan ba.

Masu bin diddigi sun sha nuna cewa akwai kayan da ba su dace da 1862 ba, misali irin nakiyar da aka nuna sai a 1867 Alfred Nobel ya yi mata rajista. Amma ta fuskar kamanni Leone ya yi aiki, ya zauna ya nazarci hotunan yaƙin na asali irin na mai ɗaukar hoto Mathew Brady, shi yasa ramuka da tantuna da guragu suka fito kamar gaske.

Yadda aka ɗauka

An yi na cikin ɗaki a situdiyon Cinecittà da ke Roma, hamada kuma a Almería ta kudancin Sifaniya, gada da maƙabarta da sansani a lardin Burgos a arewa. A lokacin Janar Franco ke mulki, kuma sojojinsa ne aka ba Leone aro, su suka gina gadar, su suka kakkafa dubban kaburburan bogi na Sad Hill, su ne kuma suka sa kaki suka fito a matsayin dakarun Amurka. Burgos ɗin nan fa ita ce hedikwatar Franco a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, kenan shekara 27 kacal da gama nasu yaƙin aka zo gonarsu ana wasan kwaikwayon na wasu.

Gadar sau biyu aka tashe ta, karon farko an samu rashin fahimta aka danna kafin kyamarori su shirya, dole sojoji suka sake gina ta. Wallach kuwa Allah ne ya yi da sauran kwanansa, sau ɗaya ya kurɓi asid da wani ma'aikaci ya zuba a kwalbar lemo, sau ɗaya doki ya zabura da shi hannunsa a ɗaure ta baya, sannan a fitowar da jirgin ƙasa ke tsinka masa sarƙa da ya ɗaga kai kaɗan da matakalar ƙarfen jirgin ta fille shi. Kuma ba a naɗi murya a wajen ɗauka ba, kowa da yarensa yake magana, Ba'amurke da Turanci, ɗan Italiya da Italiyanci, ɗan Sifaniya da nasa, daga baya aka ɗora murya, shi yasa bakin wasu ba ya tafiya daidai da maganarsu, kamar dai yadda muke gani a fassarar finafinan Indiya.

Kiɗan Morricone ko wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya san shi. Ya kwaikwayi kukan koyoti ne, wani karen daji dangin dila, ya ba kowane jarumi muryarsa: sarewa ga Blondie, wata 'yar busar yumɓu ga Angel Eyes, muryar mutum ga Tuco. Wanda ake kaɗawa lokacin da Tuco ke gudu yana zagaye kaburbura kamar zautacce, da muryar mawaƙiya Edda Dell'Orso, shi ne ƙungiyar mawaƙan Amurka Metallica ke buɗe wasanta da shi shekara da shekaru.

Karɓuwa

Da ya fita masu sharhi a Amurka sun yi masa kaca-kaca, wai zubar da jini ya yi yawa, kuma dama raina kaboyin Italiya suke. Jama'a dai suka cika sinima, ya tara wajen dala miliyan 25 a can. Mai sharhin finafinai Roger Ebert da ya ba shi tauraro uku da farko, daga baya ya sa shi cikin jerin manyan finafinansa, darakta Quentin Tarantino kuma ya sha cewa shi ne gwaninsa. Duk da sunan Eastwood ne a gaba, Tuco ne ya fi kowa magana da fitowa, shi kaɗai muka san yana da iyaye da ɗan'uwa limamin coci, kuma rigimarsu da ɗan'uwan nan, inda ya ce a garinsu in ba ka son yunwa ta kashe ka sai dai ka zama fada ko ɗan fashi, tana cikin mafi kyawun abin da ke fim ɗin.

Maƙabartar Sad Hill ciyawa ta binne ta kusan shekara 50, sai a 2015 'yan sa kai suka fara tono da'irar dutsen suna sake kafa kaburburan, a 2016 aka haska fim ɗin a wurin dan cikarsa 50. Kwafin fim ɗin ma iri biyu ne ke yawo, akwai mai minti 161 da aka saba gani a waje, akwai kuma mai kusan awa uku da aka gyara a 2003 aka mayar da fitowar da aka yanke. A na biyun Eastwood da Wallach sun dawo sun ɗora murya suna tsofaffi, Van Cleef kuwa ya rasu tun 1989 wani ne ya yi nasa, kuma kunne yana kama bambancin, dan haka mai kallon farko gara ya fara da gajeren.