Shuka wiwi a gareji: abin da doka ta tanada wa mai shuka da mai gida

Nakan ji samari a Gombe suna wata magana da ƙarfin gwiwa: wai idan mutum ya shuka wiwi a cikin gidansu, gindi biyu ko uku a tukunya, ya rufe ƙofar gareji, kuma ba sayarwa zai yi ba, to babu ruwan hukuma da shi. A waya suka tsinto ta. Sun ga Bature a YouTube yana zagaya garejinsa da kyamara, fitilu na ci a kan ganye, yana bayani hankali kwance. Abin da ba su tsaya sun tambaya ba shi ne a wace ƙasa aka ɗauki bidiyon.

A Kanada, tun Oktoba 2018 dokar tarayya ta ƙyale gida ya shuka gindi huɗu. Jamus ta yarje wa baligi gindi uku daga 1 ga Afrilu 2024. Ko a nan Afirka, kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke a Satumba 2018 cewa baligi zai iya shukawa ya sha a keɓe. Duk wannan gaskiya ne, amma babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ke aiki a Pantami ko Tumfure. A Najeriya ba a halatta wa kowa ya shuka ko gindi ɗaya a gida ba.

Dokoki biyu ne suka fi shafar lamarin. Ta farko tsohuwa ce, Dokar Tabar Wiwi ta 1966, wadda gwamnatin soja ta kafa. Da aka kafa ta, hukuncin wanda ya shuka wiwi da saninsa kisa ne ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. An yi mata gyare-gyare a 1975 da 1984, kuma har yau tana cikin kundin dokokin tarayya. Wani abu a cikinta da ya kamata a riƙe shi ne yadda ta fassara wiwi: tsiron kansa, ko kowane ɓangare nasa, ko ƙaron da ake cirewa daga jikinsa. Ke nan ba sai ganye ya nuna an shanya shi ba kafin ya zama abin laifi.

Ta biyu ita ce wadda aka fi gurfanar da mutane da ita a yau, wato dokar da ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, a 1989, a zamanin Janar Babangida. Sashe na 11 ya ce duk wanda, ba tare da izinin doka ba, ya shigo da hodar iblis ko heroin ko LSD ko wani abu makamancinsu, ko ya haɗa shi, ko ya sarrafa shi, ko ya shuka shi, ko ya noma shi, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Sayarwa da saye da safara ma haka. Wanda aka kama yana riƙe da shi da saninsa, ko yana sha, shekara 15 zuwa 25. An taɓa kai ƙorafi gaban kotu cewa ai sashen bai ambaci wiwi da suna ba, sai Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa wiwi yana cikin waɗannan makamantan. Sashe na 20 kuwa ya kira noman tsiron wiwi da sunansa, ya kuma ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin nuna cewa yana da izini.

A karanta sassan nan daga farko har ƙarshe, ba za a ga inda aka ce "idan ya wuce gindi kaza" ba. Ba za a ga inda aka raba shukar daji da ta cikin ɗaki ba, ko aka ware wanda ya shuka don kansa daga wanda ya shuka don kasuwa. A rubuce, yaron da ya jera tukwane biyu a bayan tsohuwar motar babansa da mutumin da ya share eka goma a dazukan Ondo ko Edo, sashe ɗaya ne ya hau kansu. Ni a ganina wannan tsauri ne da ya wuce kima, kuma ya dace 'yan majalisa su sake dubawa. Amma ra'ayina ba zai fitar da kowa daga hannun hukuma ba, kuma abin da ke rubuce shi lauyan gwamnati zai karanta wa alƙali.

Wani zai ce ai ya san wanda aka kama da ƙulli, ya amsa laifinsa, aka ba shi wata shida ko zaɓin tara. Haka ne, yana faruwa. Alƙalai kan sassauta, musamman ga wanda bai taɓa laifi ba kuma bai wahalar da kotu ba, har shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha kokawa kan wannan zaɓin tara. Sai dai sassauci ba haƙƙin kowa ba ne, babu wanda zai shiga kotu ya ce dole a yi masa. Kuma mai ƙulli daban, mai shuka daban. Ranar da aka baje tukwane da fitilu da buhun taki a gaban alƙali a matsayin shaida, ba a kallon mutum a matsayin mashayi kawai, an koma kallonsa a matsayin mai samar da kayan. Idan kuma iri ya yi oda daga waje ta intanet aka aiko masa a ƙunshi, ya ƙara wa kansa tuhumar shigo da haramtaccen abu ƙasa tun kafin ya zuba ƙasa a tukunya.

Sai batun "ai gidana ne". Gaskiya ne sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan mutum, amma sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da lafiyar jama'a. Dokar NDLEA ta ba jami'anta ikon shiga fili ko gini su bincika ba tare da takardar kotu ba, matuƙar suna da dalilin zargin cewa wurin na da alaƙa da laifin ƙwaya. Dalilin kuwa ba ya wuyar samuwa a unguwanninmu, inda katanga ke jingine da katanga. Wari na tsallaka katanga. Garejin da aka liƙe tagoginsa da baƙar leda, janareta na ruri dare da rana alhali gidan ba shago ba ne, mai shayin bakin layi ma ya lura, balle maƙwabci.

Inda na fi son iyaye da masu gidajen haya su tsaya su karanta da kyau shi ne sashe na 12 na dokar NDLEA. Ya ce wanda ke zaune a gida, ko yake da hannu wajen kula da shi, idan ya ƙyale aka yi amfani da wurin wajen ajiye ƙwaya ko ɓoye ta ko sarrafa ta ko cinikinta, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Sashe na 14 kuma ya tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya haɗa baki ko ya taimaka ko ya zuga. Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a wannan doka ruwan kan jiƙa har waɗanda ke kusa da shi.

A ce Alhaji yana da gida a Federal Low Cost, ɗansa ya dawo daga makaranta ya ce, "Baba, a ba ni makullin gareji, zan riƙa ajiye kayan sana'a." Alhaji ya ba shi, ya sa masa albarka. Bayan wata biyu Hajiya ta shiga neman tsohuwar tabarma, ta tarar da tukwane a jere, da wani ganye mai yatsu, gefensa kamar haƙoran zarto. Ta tambaya, ya ce, "Mama, fulawa ce." Ta gaya wa Alhaji, Alhaji ya shiga ya gani, ya gane ko mene ne, ya yi faɗa, amma don gudun abin kunya a unguwa ya ce a bari zuwa bayan Salla a san yadda za a yi. Kafin ya gani, yana da abin da zai faɗa wa kotu: bai sani ba, bai ba da izini ba. Daga ranar da ya gani ya yi shiru, wannan kariya ta fara zubewa, domin kalmar da sashen ya rataya a kanta ita ce ƙyalewa. Abokin da ya kawo wayar wuta ya haɗa fitilun yana sane da abin da ake yi, shi ma sashe na 14 yana jiran sa.

Ba a nan ta tsaya ba. Dokar ta ba kotu ikon ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar laifin ƙwaya da wadda aka yi amfani da ita wajen aikata shi, har da fili da gini. Wata doka ta 2022 kan dukiyar da aka samu ta haramtacciyar hanya ta ƙara buɗe ƙofar neman ƙwace kadara ko da ba a kai ga yanke wa mutum hukunci ba. Mai gidan da bai san komai ba yana da damar zuwa kotu ya kare kayansa, amma ya shirya zirga-zirga da kuɗin lauya. Gidan da mutum ya yi shekara ashirin yana tara bulo kafin ya rufa shi, bai kamata ya shiga wannan hali saboda kara ko kunya ba. Mai ba da haya ya rubuta yarjejeniya, ya sa a ciki cewa ba a yarda da duk wani abin da doka ta hana ba, ya kuma riƙa leƙa gidansa lokaci zuwa lokaci bayan ya sanar da ɗan haya. Idan ya ga abin da bai gane ba, ya nemi lauya a ranar, kada ya tsaya sasantawa a zaure.

Wasu kan fake da magani: wai don ciwon jiki, ko rashin barci, ko man da ake tatsa daga ganyen. Dokar ba ta buɗe wa mai shuka a gida wannan ƙofa ba, kuma takardar likita ba ta zama lasisin noma. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kira tun 2019 a halatta noman wiwi don magani da masana'antu, an kuma kai ƙudurori majalisar wakilai, amma babu wanda ya zama doka. Gwamna ma ba shi da ikon yin hakan shi kaɗai, domin tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwayoyi da guba a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa shari'ar ba ta zuwa gaban majistare ko kotun shari'ar Musulunci, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, kuma akwai ta a Gombe. Iskar da ke kaɗawa a Abuja ma ba ta sassauci ba ce: a Mayu 2024 majalisar dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar ƙwaya, daga baya aka daidaita da majalisar wakilai a kan ɗaurin rai da rai, sannan a Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu a wannan gyara na dokar NDLEA saboda wani sashe da ya shafi kuɗin da hukumar ke ƙwatowa.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne ba daga nesa muke hangen ta ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ne. A jihar Gombe an ƙiyasta masu amfani da ƙwaya sun kai kashi 21.2 cikin 100, wato sama da mutum ɗaya cikin biyar, mafi yawa a Arewa maso Gabas. Waɗannan ƙannenmu ne da 'ya'yanmu. Yaron da ya kai ga tunanin shuka nasa, galibi ya daɗe yana sha, kuma abin da yake bukata shi ne a kai shi wurin likita tun hukuma ba ta riga iyayensa ba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, NDLEA kanta tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Wanda ya je neman taimako da ƙafarsa, matsayinsa ya sha bamban da na wanda aka fito da shi daga gareji da ankwa.

Idan kuwa an riga an yi kamen, wanda aka kama bai rasa haƙƙinsa ba, kuma ya kamata dangi su san wannan. Kada a yi kokawa da jami'ai ko a tare musu hanya, wannan wani laifin ne na daban. Tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba a tafiya da uwa ko mata don kawai ba a sami wanda ake nema ba, sai in ita ma ana zarginta da nata laifin. Wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa don a tilasta mutum ya amsa laifi. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba ko ba a fassara masa da Hausa ba, domin sau da yawa wannan takarda ce ke zama babbar shaida a kansa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, danginsa su nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aikinta ke nan, tsaya wa marasa hali a kotu kyauta.