Waiwaye: Yadda Linux Ya Koyi Nemo Fayil Ba Tare da Barin Sawu Ba

Baƙon da ya sauka a Ƙofar Doka yana neman wani gida a cikin birnin Zariya, tambaya ɗaya ba ta kai shi. Sai an nuna masa unguwa, a unguwar a nuna masa lungu, a lungun yaro ya raka shi zaure. Haka kwamfuta take fama duk sanda aka ce ta buɗe fayil. Ɗalibi a Samaru ya rubuta /home/dalibi/darasi/jinga.txt, sai kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. A kowace folda ya duba ko suna na gaba yana ciki, ya kuma duba ko mai nema yana da izinin wucewa. Wayar Android ta aljihunka ma wannan zirga-zirgar take yi dare da rana, don kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta.

A Unix na shekarun 1970, manhajar da Linux ya kwaikwayi tsarinta, wani yanki mai suna namei ne ke wannan aiki, kuma kullum sai ya sake bin abin da ke cikin folda kamar bai taɓa zuwa ba. Mutanen jami'ar Barkli a Amurka suka auna, suka ga yana cin lokaci mai yawa, sai nasu samfurin Unix ɗin, 4.3BSD na 1986, ya fito da ma'adanar sunayen da aka riga aka nemo. Linux ya samu irin wadda yake amfani da ita yanzu a 1997, ana kiranta dcache. Thomas Schoebel-Theuer ne ya fara ta, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi mata gyara sosai. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne har "babu" take haddacewa. Kamar mai Keke Napep ne da zai ce maka tun daga tasha, "Malam, babu wannan gidan a layin nan," ya hutar da kai.

Sai kwamfutoci suka fara zuwa da furosesa da yawa, wato ƙwaƙwalen da ke yin lissafi a cikinsu, wata matsalar ta kunno kai. Kwaɗo guda ne ke tsare ma'adanar gaba ɗaya, in ɗaya ya riƙe shi sauran sai su jira, kuma duk foldar da aka ratsa sai an ƙara ɗaya a ƙidayar masu amfani da ita, a rage idan an wuce. Ka ɗauka littafin mai gadi ne a bakin get, biro ɗaya, kowa sai ya sa hannu. Da furosesa ɗaya ya taɓa lambar, kwafin da sauran ke riƙe da shi ya lalace, sai sun sake ɗaukowa. Ga shi kuwa kusan kowace tafiya ta tushen nan "/", uwar dukkan foldoji, take farawa, nan cunkoson yake. A 2003 aka shigo da dabarar RCU, mai barin a yi karatu ba tare da riƙe kwaɗo ba, ta rage dogaro da kwaɗon wajen bincike, amma sa hannun bai tafi ba.

A ganina babban sauyin shi ne na Nick Piggin, wanda ya shiga Linux 2.6.38 a Maris 2011. Ya ce mai wucewa kada ya rubuta komai. Kowane suna a ma'adanar yana da lambar da ke canzawa idan an taɓa shi. Mai nema ya kalle ta, ya karanta abin da yake so, ya sake kallonta. In tana nan yadda take, ya yi gaba. In ta canza, wataƙila wani ya sauya wa foldar suna a daidai lokacin, sai ya koma farko ya bi tsohuwar hanya mai sa hannu. Da yake masu karatu sun ninka masu sauyi nesa ba kusa ba, komawar ba ta cika faruwa ba. Babban kwaɗon nan ma aka cire shi ɗungurungum.

Abin da ya biyo baya sassaƙa ce. A 2012 Torvalds ya sa ana sarrafa haruffan suna takwas-takwas a lokaci guda a injuna masu bit 64. A 2016 Al Viro ya buɗe hanyar da masu nema da yawa za su binciki folda ɗaya tare.

Haddar "babu" kuwa ita ce ta daɗe tana jawo muhawara, domin a manyan injuna tana iya taruwa ta kai miliyoyi kafin a share ta. Mai Linux a laftof ɗinsa ya buɗe /proc/sys/fs/dentry-state: lamba ta farko ita ce yawan sunayen da ke ma'adanar, ta biyar kuma yawan waɗanda aka nema ba a samu ba.