Waiwaye: Yadda Green Bay Packers Ta Ƙi Barin Garinta

Gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ko a jefa ta da hannu, tana da ƙungiyoyi 32. Guda 31 na hannun attajirai ne da iyalansu. Ɗayar da ta rage, Green Bay Packers ta jihar Wisconsin, jama'a ne suka mallake ta, a garin da mutanensa ba su fi dubu 107 da 'yan kai ba. Ita ce kuma ta fi kowa cin kofin gasar, har sau 13.

An kafa ta ranar 11 ga Agusta, 1919. Curly Lambeau, saurayi ɗan shekara 21, da George Calhoun na jaridar garin ne suka tara 'yan wasan. Lambeau yana aiki a Indian Packing Company, kamfanin da ke ɗura nama a gwangwani, sai kamfanin ya ba da dala 500 aka sayi riguna, ƙungiyar ta ɗauki sunansa. A 1921 ta shiga gasar ƙwararru.

A lokacin ƙananan garuruwa da dama suna da nasu. Ta Decatur ta koma Chicago ta zama Bears, ta Portsmouth ta koma Detroit a 1934 ta zama Lions, ta Canton kuwa ta mutu murus. Green Bay ma da ƙyar ta sha. Bashi ya yi mata katutu, sai a 1923 'yan kasuwar garin suka mai da ita kamfanin da ba na neman riba ba, suka sayar da hannun jari a kan dala 5. Suka kuma saka wani sharaɗi da nake ganin shi ne ƙashin bayan tarihin baki ɗaya: in aka sayar da ƙungiyar, ko sisi ba zai shiga aljihun kowa ba, za a ba ƙungiyar tsofaffin sojoji ta garin ne ta gina abin tunawa da mazan jiya. Wa zai yi sha'awar sayar da abin da ba zai ci kuɗinsa ba?

Wahala ba ta ƙare ba. Wani ɗan kallo ya faɗo daga wurin zama, ya kai ƙara, kotu ta ba shi dala 5,000, kamfanin inshora kuma ya karye. Sai da aka sake sayar da jari a 1935, aka kuma maimaita a 1950. Duk da wannan talauci Lambeau, a matsayinsa na koci, ya ci kofi shida: 1929, 1930, 1931, 1936, 1939 da 1944. Uku na ƙarshe ya ci su ne tare da Don Hutson, wanda ya nuna wa duniyar wasan abin da ake iya yi da cafe ƙwallon da aka jefo.

Bayan tafiyar Lambeau a 1950 abubuwa suka taɓarɓare. A 1958 wasa ɗaya tak aka ci cikin 12. Shekarar da ta biyo baya aka ɗauko koci Vince Lombardi daga New York, mutum mai zafin horo da ba ya karɓar uzuri. Cikin shekara bakwai ya ci kofi biyar, 1961, 1962, 1965, 1966 da 1967, har da Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ke fitar da zakara, na farko da na biyu. A garin da kusan kowa Bature ne, ya sanar cewa duk gidan abincin da ya ƙi karɓar baƙaƙen 'yan wasansa, to babu ɗan wasansa ko ɗaya da zai sake taka ƙafa can. Wannan ya fi mini wasu kofunan daraja.

Wasan da ba a mantawa shi ne na 31 ga Disamba, 1967, da Dallas Cowboys. Sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, na'urar ɗumama filin ta gaza, ƙasa ta daskare kamar dutse, usur yana manne wa alƙalan wasa a leɓe. Saura daƙiƙa 16, Dallas na gaba, Bart Starr mai jagorantar harin Packers ya riƙe ƙwallon da kansa ya kutsa ta tsakiya ya haye layi. Aka tashi Packers na da 21, Dallas na da 17. Lombardi ya rasu a 1970, kofin Super Bowl kuma sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Son da mutanen garin ke yi mata shi kaɗai ba zai riƙe ta ba. Tun farkon shekarun 1960, a zamanin shugaban gasar Pete Rozelle, aka amince a raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi. Abin da New York ta samu, shi Green Bay ke samu. Ba don haka ba, da wuya ta kai labari.

Daga 1968 zuwa 1991 sau biyu kacal ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, amma filinta mai suna Lambeau bai daina cika ba. Ron Wolf, babban manajan ƙungiyar, shi ne ya farfaɗo da ita: ya kawo koci Mike Holmgren da ɗan wasa Brett Favre a 1992, da ɗan wasa Reggie White a 1993. A Janairun 1997 suka doke New England da ci 35 da 21. A Fabrairun 2011 ɗan wasa Aaron Rodgers ya jagoranci doke Pittsburgh da ci 31 da 25.

An sake sayar da jari a 1997, 2011 da 2021, na ƙarshen a kan dala 300, don gyara filin da yanzu ke ɗaukar mutum dubu 81. Masu jarin sun haura dubu 500. Ba a raba musu riba, ba sa iya sayar da takardar a kasuwa, kuma ba wanda aka yarda ya riƙe fiye da hannun jari dubu 200. Abin da suke da shi ƙuri'a ce a taron shekara-shekara. Wasu na cewa takarda ce kawai ta ratayewa a bango. Ban yarda ba. Mutanen Baltimore sun wayi gari a 1984 an kwashe ƙungiyarsu Colts cikin dare zuwa Indianapolis. St. Louis ta rasa Rams, San Diego ta rasa Chargers, Oakland ta rasa Raiders har sau biyu. Dokar NFL ta yanzu ta hana wata ƙungiya bin tsarin Green Bay. Ita kaɗai aka bar wa, don ta riga dokar zuwa.