Ɗafa-goshin Ma'auni: Daga Kwekto zuwa Kwetta

Ɗafa-goshin ma'auni gajerun kalmomi ne da ake liƙawa a gaban sunan ma'auni, irin su mita, giram, lita ko daƙiƙa, domin a nuna sau nawa aka ninka shi ko gida nawa aka raba shi. Kilo da ke cikin kilomita na nufin sau dubu, mili da ke cikin miligiram kuma kashi ɗaya cikin dubu. Aikinsu shi ne haɗiye sifili: maimakon a rubuta wat 760,000,000, ƙarfin da aka gina tashar wutar Kainji a kansa, sai a ce megawat 760. A tsarin ma'aunai na duniya da ake kira SI, guda 24 ne a yau, 12 na manya, 12 na ƙanana. Mafi girma shi ne kwetta, wato 10³⁰, ɗaya da sifili 30 a bayansa, mafi ƙanƙanta kuma kwekto, 10⁻³⁰, wato kashi ɗaya cikin wannan adadin.

Akwai wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Sunayen manyan lambobi ba ɗaya suke a ko'ina ba. Abin da Bakano ke kira biliyan, Badamagare miliyar yake ce masa, domin a Faransanci kalmar biliyan tana nufin miliyan sau miliyan ne. Giga kuwa miliyan dubu ne a Kano, a Damagaram, a Tokyo.

Asali

A Faransa aka fara, da dokar shekarar 1795 wadda ta kafa tsarin mita bayan juyin juya hali. Waɗanda suka tsara ta sun bi ƙa'ida mai sauƙi: na ninkawa daga Girkanci, wato deka, hekto da kilo, na rabawa kuma daga Latin, wato desi, santi da mili. Akwai kuma miriya, mai nufin dubu goma, wanda daga baya aka yi watsi da shi. Mega da maikro, miliyan da kashi ɗaya cikin miliyan, sun shigo ne ta hannun masanan kimiyyar Birtaniya a shekarun 1870, zamanin da aikin wayar tangaraho ya sa ana auna lantarki.

A 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Mita a Paris. Daga ita aka samu Babban Taron Awo da Ma'auni, wanda shi kaɗai ke da ikon ƙara sabon ɗafa-goshi. Taron 1960, da ya kafa tsarin SI, ya tabbatar da giga da tera (10⁹ da 10¹²) a ɓangaren manya, nano da piko (10⁻⁹ da 10⁻¹²) a ɓangaren ƙanana. Sunayen wannan zango suna da ban sha'awa: giga daga kalmar Girkanci ce mai nufin ƙato, tera dodo, nano kuwa wada. Da aka zo 1964 sai aka leƙa harshen mutanen Danmak, aka ɗauko femto daga kalmarsu ta goma sha biyar, atto daga ta goma sha takwas, daidai da yawan sifilin kowanne.

Daga nan dodanni da wadanni suka ƙare, aka koma ƙirga. Peta da eksa na 1975 daga biyar da shida na Girkanci suke, domin peta dubu ce a ninka ta da kanta har sau biyar, eksa sau shida. Zetta da yotta, tare da ƙannensu zepto da yokto, sun zo a 1991 daga bakwai da takwas. Al'ada ta zauna cewa manya su ƙare da wasalin a, ƙanana da o.

Abin da suke aunawa

Na tsakiya kowa ya san su ko da bai san sunan ajinsu ba. Mahauci yana sayar da kilo, ƙwayar farasitamol miligiram 500 ce, gidajen rediyon FM suna kan megahaz, mai waya kuma giga yake saye. Ƙasa da haka ido ya daina aiki. Jar ƙwayar jini faɗinta kusan maikromita 7 zuwa 8 ne. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700, zaren DNA kuma kaurinsa kamar nanomita 2. A cikin nanodaƙiƙa ɗaya, haske da duk saurinsa santimita 30 kacal yake ci, tsawon rular ɗan makaranta.

Femto da atto ma ba ado ba ne. Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999 saboda ya iya bin motsin ƙwayoyin zarra cikin femtodaƙiƙa, lokacin da suke rabuwa da haɗuwa. A 2023 kyautar kimiyyar lissafin halitta, wato fiziks, ta tafi ga Pierre Agostini, Ferenc Krausz da Anne L'Huillier kan walƙiyar haske mai tsawon attodaƙiƙa. Ta ɓangaren manya, tazarar da haske ke yi a shekara guda kusan petamita 9.46 ce.

Ƙarin 2022

Bayan shekara 31 ba a taɓa jerin ba, taro na 27 da aka yi a Versailles a watan Nuwamban 2022 ya ƙara huɗu: ronna, 10²⁷, da kwetta, 10³⁰, sai ronto da kwekto a ɗaya gefen. Richard Brown na cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya ne ya jagoranci shawarar. Babban dalili shi ne bayanan kwamfuta, waɗanda tuni ake lissafa su da zettabait (bait shi ne ma'aunin yawan bayanai), ga kuma sunayen bayan fage irin su hella da bronto sun fara yawo, alhali haruffansu sun riga sun sami masu su. R da Q kaɗai suka rage ba a ba kowa ba, shi ya sa ake rubuta kwetta da quetta a asali, alamarsa Q. An jingina sunayen da tara na Girkanci da goma na Latin, ko da yake sai an matsa kafin a ji kamar. Da su, nauyin duniya ya zama kusan ronnagiram 6, na Jufita kusan kwettagiram 2, na ilektiron kuma ɗan ƙasa da rontogiram ɗaya.

Ƙa'idojin rubutu

Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. M mega ce, m mili ce, tsakaninsu sau biliyan. Daga mega zuwa sama duk manyan haruffa ne, amma kilo ƙaramar k ce, saboda haka Km da KG da ake gani a allunan hanya da buhuna kuskure ne. Alamar maikro ita ce µ ta Girkanci, kuma da yake a rubutun hannu tana iya kama da m, likitoci da yawa suna rubuta mcg, domin rikita maikrogiram da miligiram ninka magani ne sau dubu. Ba a jera ɗafa-goshi biyu. Abin da tsofaffin littattafai ke kira milimaikron yanzu nanomita ne. Kilogiram shi ne baƙon cikinsu: shi ne tushen ma'aunin nauyi, amma da ɗafa-goshinsa ya zo, don haka a jikin giram ake liƙa sauran. Sa'a da minti ba sa karɓar ɗafa-goshi. Wasu kuma doka ta yarda da su amma baki ya ƙi: megagiram tan ake ce masa, kuma ba wanda ke cewa wata yana megamita 384 daga duniya.

Rikicin 1,024

Kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, kuma 2 a ninka ta da kanta har sau goma 1,024 ne, kusa da dubu. Masu haɗa na'urori na farko suka ari kilo suka ɗora a kan wannan lamba. A matakin kilo bambancin kashi 2.4 ne cikin ɗari, amma yana hauhawa, a tera ya kusa kashi 10. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fito da kibi, mebi, gibi da tebi domin lissafin 1,024, a bar wa kilo dubunsa. Ba kowa ya bi ba. Masu ƙera rumbun ajiya da dubu suke lissafi, manhajar Windows kuma da 1,024 amma tana rubuta GB, shi ya sa rumbun da aka sayo da sunan terabait ɗaya yake nuna kusan 931 idan aka jona shi.